Haƙorin Makkan Fitilar Takur

A duk faɗin unguwar Takur ta garin Dutse babu mai murmushi irin na Alhaji Muntaka, shugaban masu sayar da dabino. Sauran mutane sai sun ji daɗi suke murmushi. Shi kuwa aiki ya ɗauke shi, kamar zuwa ofis. Haƙorin Makka gare shi a sama ta dama, kuma tun da ya sauko daga jirgi shekara goma sha ɗaya ke nan leɓensa bai samu hutu ba. Mu 'yan majalisa Fitilar Takur muke ce masa, a bayan idonsa.

Mutum ne mai haƙuri. Idan baƙo ya yi kuskuren ce masa "Malam", ba ya faɗa. Sai ya juyo da gefen dama, ya ɗage leɓe, ya jira. Baƙo na ganin walƙiya zai ce, "Au, Alhaji, a gafarce ni." Har a zaman makoki an ga yana yi.

Ga shi da amana: ba ya sayar da buhun dabino sai ya ɗanɗana. Amanar nan ce ta yi ta taruwa a ƙarƙashin zinaren, ran nan ta fara magana. Da kuka ya ƙi ɓoyuwa, matarsa Hajiya Asma'u ta tasa shi gaba sai wurin likitar haƙori, Dakta Mashkura, 'yar mutanen Miga.

Likita ta ɗauki hoto ta ce, "Baba, ƙwayoyin cuta sun ci cikin haƙorin har jijiya, amma zai tsira. Zan yanke zinaren, in wanke ramin jijiyar, in cika shi da wani garin ma'adini mai kashe ƙwayoyin, mai kuma ƙarfafa abin da ya rage. Sai dai zinaren ba zai koma ba, fari zan sa miki... au, zan sa maka, irin na kowa."

Irin na kowa! Fitila ya sauko daga kujerar ya gyara babbar riga.

"Yarinya, wannan haƙorin ya yi ɗawafi. Ya sha Zamzam tun kina sakandare. Ni za a mai da irin na kowa? Kuma ma'adini har sai an koya wa mutumin Dutse? A kansa muke kwana!"

Da la'asar ya zo majalisa ya yi mana lacca. Ya ce ya gano sirrin likitoci: ma'adinin da suke ɓoyewa a 'yar kwalba ba komai ba ne illa ƙanen kanwa, kuma shi babban wan zai yi amfani da shi. Ya daka jar kanwa ya cusa ta gefen zinaren da tsinke, a gabanmu. Hawaye ya zubo masa. Ya ce alamar magani ya isa wurin ke nan.

Sati shida yana wannan bincike. Kunci ya kumbura har hularsa ta karkace. Ya ce ƙiba ce ta fara ta gefe ɗaya. Dabino ya gagara, tuwo ya gagara, aka koma kunu. Ni dai tausayi ya kama ni, don ciwon haƙori ba abin dariya ba ne, ko da yake mun yi.

Jiki magayi. Da kansa ya koma asibiti, ya ce bayan dogon nazari ya amince a gwada ma'adinin yarinyar. Dakta Mashkura ta duba ta girgiza kai.

"Baba, garin yana gyara haƙori ne in akwai haƙorin. Wannan ya ruɓe har saiwa. Cirewa za a yi."

Garin neman gira aka rasa ido. Aka naɗe masa zinaren a auduga ya sa a aljihu.

Shekaranjiya na gan shi a Yalwawa yana tsaida adaidaita. Direban baƙo ne, ya ce, "Malam, ina za ka?"

Sabo turken wawa. Alhaji ya juyo da gefen dama, ya ɗage leɓe, ya jira.

Direba ya leƙa giɓin ya ce, "Ayya, sannu Malam. Asibiti ne?"