Gwajin Jinin Kamfani

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da iyalina suka je gwaji ba. Sati biyu kafin nan aka tabbatar min ina ɗauke da cutar ƙanjamau, aka ɗora ni a kan magani. Nas ɗin ta ce ya kamata a gwada matata Rabi da 'yarmu Ummi, har ta ce za ta taya ni yi wa Rabi bayani. Ni kuwa, sarkin dabara, na ce ta bar min.

A gida bakina ya ƙi buɗuwa. Ƙarshe na ce wa Rabi kamfanin fatar da nake aiki a Challawa ne ya shirya wa iyalan ma'aikata gwajin jini kyauta. (Na manta gidan haya muke, kuma sauran mazan gidan uku duk kamfaninmu ɗaya.)

Na taso daga aiki na wuce asibiti, sai ga Rabi a benci da matan gidanmu uku da yaransu. Ashe ta ba su labari.

Maman Sadiku, matar abokin aikina, ta ce, "Baban Ummi, ashe haka mazanmu suke? Abin kyauta ya zo, ko su faɗa! Bari in kira shi in ji."

Ta ɗauko waya. In mijinta ya ce bai san zancen ba, kafin Litinin asirina ya tonu a kamfani. Na hau kame-kame, wai yana kan inji ba zai ɗauka ba.

Sai nas ɗin nan ta leƙo. Ta dubi taron, ta dube ni, ta gane komai. Ta ce, "Gwaji kyauta ne ga duk mai so. Baban Ummi, ku fara shigowa." Maman Sadiku ta mayar da wayar jaka.

A ɗakin gwajin na faɗa wa Rabi gaskiya, kaina a ƙasa. Aka gwada su, sakamako ya fito. Ummi ba ta da cutar. Rabi na da ita.

Ta yi kuka mara sauti, sannan ta goge fuska da mayafi. "Malam, da ka faɗa min, da ni kaɗai zan zo. Yanzu dole in fita ina murmushi."

Haka kuwa ta fita, har da tsokanar yara. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Yanzu tare muke shan magani, lafiya ƙalau. Na dai gane cewa abin da na kira dabara tsoro ne kawai: ni na shara ƙarya, ita ta sha wahalar rufe ta.