Aradun Lawandi Mai Faci

Wani mutum ne a unguwarmu, Lawandi mai faci. In ka kawo masa taya, kafin ya gano inda ƙusa ta shiga ya kashe maka kura uku da ɓauna ɗaya, duk da fatar baki. A faɗarsa kakansa Sarkin Dawa ne, shi ma da ƙahon farauta aka yaye shi.

Amma inda ya fi cika baki shi ne zancen karnuka.

"Ni kare ko mahaukaci ne, in na zare masa ido sai ya zauna ya miƙo hannu mu gaisa!"

Wai yana da wani kare a ƙauye, sunansa Aradu. Ba wanda ya taɓa ganinsa. Ranar Litinin girmansa kamar ɗan maraƙi, ranar Alhamis in Lawandi ya ci ya ƙoshi, sai ya kai jaki. Mu 'yan majalisar ƙofar shagon Na'Allah tela muna dai jin sa. Abin da muka lura kawai, duk lokacin da karen maƙwabta ya ratso layin, sai Lawandi ya tuna bai yi alwala ba, ya faɗa shago ya turo ƙofa.

Ran nan sai ga Hajiya Tabawa, mai gidan gonar kaji can bayan Rigacikun, tayar motarta ta yi faci. Tana tsaye tana ta mita, wai ɓarayi sun ishe ta, kaji sai raguwa suke. Tana neman maigadi, amma mai karensa na kansa. Akwai ɗaki, akwai abinci, akwai albashi, ga kiret ɗin fasasshen ƙwai duk mako.

Da ma tun da aka buɗe shagon faci mai inji a tsallaken titi, kasuwar Lawandi ta kwanta. Sai ya wuni bai taɓa taya biyu ba. Yana jin zancen ƙwai na ga maƙogwaronsa ya motsa.

Na'Allah, mugun mutum, ya leƙo daga kan keken ɗinki. "Hajiya, ai kin zo gida. Ga mai Aradu nan a tsugune."

"Da gaske, Malam?"

Lawandi ya miƙe ya bugi ƙirji, dum! "Ranki ya daɗe, in Aradu ya shiga gonarki, ko shaho sai ya nemi izini kafin ya gitta."

"To ka kawo shi ranar Asabar da hantsi in gani. In ya yi mini, aiki naka ne."

Tana tafiya ya ce ai ba komai, aike ɗaya zai yi ƙauye. Amma bayan la'asar ya lallaɓo wurina, da yake ni ke da Keke Napep, ya ja ni gefe, murya ƙasa-ƙasa.

"Ɗan'uwa, ina ake samun kare a garin nan?"

"Aradun fa?"

"Ya... ya yi tafiya."

Ya roƙe ni in rufa masa asiri. Na rufa kuwa, har kwana biyu cur, wanda a wurina ba ƙaramin ƙoƙari ba ne. A na uku na faɗa wa Na'Allah.

Na kai shi wurin wata likitar dabbobi, Dakta Rifkatu, wadda ke tsintar karnukan da aka yasar tana ajiyewa a bayan asibitinta har su samu masu riƙo. Muna shiga haushi ya kaure, wan! wan! wan! Jikan Sarkin Dawa ya riƙe bayan rigata tamau, wai kada in tsorata.

"Likita, wanda ya fi kowa mugunta nake so."

Ta yi dariya. "Baba, nan ba mu da mugaye. Amma zo ka ga wannan."

Wani baƙin kare ne ƙato, kunnensa ɗaya a yage, ƙirji faffaɗa. In ka hango shi daga nesa sai ka canja hanya. Amma yana ganinmu ya hau tsalle, ya yi sama ya dire, ya juya ya sake juyawa, wutsiya na kaɗawa har da ƙugu.

"Sunansa Barka-da-zuwa," in ji Dakta. "A tasha na tsince shi an ɗaure shi da waya. Wata takwas ke nan yana nan. Mutum biyu sun ɗauke shi sun dawo da shi, wai gadi suke so, shi kuwa kowa ɗan'uwansa ne. Wallahi yana ba ni tausayi, kejin nan ya yi masa kaɗan, fili yake so ya yi gudu. Sai dai ka sani, yana da wata ɗabi'a: in ya so ka, takalmi zai kawo maka. Naka ne, na wani ne, shi duk ɗaya."

Ko kaɗan Lawandi bai ji wannan ba. Ƙirjin kawai yake kallo yana lissafin ƙwai. Ta gindaya masa sharuɗɗa, ban da duka, ban da yanke kunne, za ta riƙa zuwa dubawa. Duk ya ce "na'am", daga bayana.

Ranar Asabar ya iso asibitin Dakta da shiri. Wando uku ya saka, a zafin bazarar nan. A hannunsa wata gora doguwa, irin wadda ake kaɗo mangwaro da ita. Ya sa Dakta ta zura igiyar karen ta bakin gorar, shi ya riƙe can ɗaya ƙarshen, ta yadda tsakaninsa da karen akwai taku shida.

Aka sa Barka a baya, Lawandi ya matse kusa da ni a gaba, gora ta leƙo waje kamar tuta. Muna hawa titi karen ya miƙo wuya ya lashi ƙeyarsa, laɓ! Tun daga nan har Rigacikun Lawandi bai bar addu'a ɗaya da ya sani ba, har da ta shiga kasuwa.

Mun tarar majalisa ta riga mu. Mutum bakwai a kan tabarma ƙarƙashin mangwaro, takalma jere a gefe, Hajiya Tabawa a kan kujerarta. Lawandi ya sauko yana tafiyar ƙasaita, gora a gaba, kare a can ƙarshenta yana ta tsalle zai gaida jama'a.

"Ku ja da baya! Ku ja da baya!"

"Malam, wannan gorar fa?" in ji Hajiya.

"Ranki ya daɗe, ba don ni ba ce, don ku ce. Kin ga tsallen nan? Jini yake nema."

Hajiya ta gyara zama. "To a gwada. Wani ya haura katanga ya ɗauki kaza, mu ga aikinsa."

Kowa ya sunkuyar da kai. Sai Na'Allah ya miƙe tsam, daga shi sai 'yar shara da silifas. "Ni zan yi ɓarawon."

"Na'Allah," in ji Lawandi, "ka bar wa iyalinka wasiyya?"

"Na bari. Sake shi kawai."

Na'Allah ya zagaya, ya hauro 'yar gajerar katanga, ya cafki wata farar kaza, kwak-kwak-kwak! Lawandi ya kwance igiya daga nasa ɓangaren, ya ja da baya taku uku, ya daddage ya saki kirari:

"Aradu na Lawandi! Baƙin hadari mai ruwan ƙanƙara! Kura ta gan ka ta koma cin ganye! Kama shi!"

Fiii! Kare ya tashi kamar an harba shi. Hajiya ta rufe ido tana salati. Muka ji tim! Da ta buɗe, sai ga Na'Allah a ƙasa yana ƙyaƙyata dariya, Aradun Lawandi na kansa yana wanke masa fuska da harshe, goshi, hanci, gemu. Kazar ma sai da ya lashe ta.

Na'Allah ya tashi ya haura katanga da kazarsa, silifas ɗaya ya faɗo ciki. Karen ya ɗauka, ya ɗora ƙafafun gaba a kan katangar, ya miƙa masa.

Hajiya ta riƙe haɓa. "Ikon Allah. Har rakiya yake wa ɓarawo."

"Dabara ce, Hajiya!" Lawandi ya yi wuf. "Horon daji ne. Sai ya sa ɓarawo ya saki jiki tukuna, sannan ya yi masa kaca-kaca."

"To ɓarawo dai ya tafi. Kira shi ya dawo."

Nan fa ido ya raina fata. Lawandi ya dubi gora, ya dube ni. Na ɗauke kai ina kallon kaji. Ya tattaro leɓe ya yi wani ɗan fito siriri, fiit, yana fatan kada a ji.

An ji.

Barka ya juyo, kunne ɗaya a tsaye. Ya hango mutumin da ya fito da shi daga keji bayan wata takwas, masoyinsa na duniya. Ya biya ta gefen tabarma, ya suri wani takalmin fata sau-ciki, ya nufo Lawandi a guje, harshe ta gefe, ido cike da ƙauna.

"Zauna!" Lawandi ya zare ido. "Na ce zau... Wayyo Allah!"

Ya watsar da gora ya ranta a na kare. Ya ratsa tsakiyar kaji, fur-fur-fur, gashi ya tashi sama. Ya yi tuntuɓe da kwanon dusa, ƙwaram! Wandon farko ya sulluɓe, ya tsallake shi ya bar shi nan. Shi kuwa Barka ya ɗauka wasan tsere ne, sai ya sha gabansa, ya dawo baya, ya sake shan gabansa. Sau uku suna zagaya mangwaron. A na huɗu, mutumin da ke cewa gwiwa ta hana shi tsayuwar sahu mai tsawo ya dare bishiya kamar biri, sai ga shi a reshe na uku.

Barka ya ajiye takalmin a gindin bishiya, ya ɗaga kai yana jira. Shiru. Sai ya ga kamar wannan bai yi wa maigida ba. Ya ruga ya kawo wani. Shiru. Ya kawo wani. Kafin mu gama riƙe ciki, takalman majalisa kaf sun taru a gindin mangwaro, ya haɗa da wandon da aka yar, ya zauna a kai yana kaɗa wutsiya.

"Ku kama shi, jama'a! Don girman Allah ku kama shi!"

"Kai da Aradunka?" in ji Na'Allah, ya dawo da kaza a hammata. "Zare masa ido mana!"

"Wane Aradu! Wallahi ban san shi ba! Ranar Laraba na fara ganinsa, a wurin wata likitar dabbobi! Sunansa ma Barka-da-zuwa!"

Majalisa ta zube a tabarma. Hajiya Tabawa ta yi dariya har ɗankwali ya zame, hawaye shaɓe-shaɓe. Jin dariyarta, Barka ya tono wani takalmi daga tulin, ya kawo ya ajiye a gabanta, ya kwanta yana kallonta.

Ta daɗe tana dubansa. "Rabona da dariya irin wannan tun maigidana Alhaji na da rai," ta ce. "Ba ni lambar likitar nan. Ga fili, ya yi ta gudu har ya gaji. Barka ya samu gida."

Na ji daɗi har raina, don karen nan ya cancanta.

Sai wata murya ta sauko daga cikin ganye, a sanyaye. "Ranki ya daɗe... ni fa? Maganar aikin gadin?"

Barka na jin muryar ya zabura, ya koma gindin bishiya ya zauna daram, ido a sama.

Hajiya ta ɗaga kai, ta kare rana da tafin hannu.

"Ai ka riga ka kama aiki, Malam Lawandi. Yi zamanka nan, daga sama ka fi hango ɓarayi. Shi kuma Barka zai yi gadinka."