Likitan Kabewa

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, matata Saratu ta tafi wankan jego Zurmi, ta bar mini amanar fulawarta mai yaɗo a jikin danga, wadda marigayiyar mahaifiyarta ta ba ta dashenta. Sati biyu, ganyen ya yi rawaya.

Na zauna gabanta na yi nazari irin na masana, na yanke cewa kewar uwar ɗakinta ce ke cin ta, da 'yar yunwa. Na lafta mata takin shanu, ina kiran sunan Saratu a hankali. Da wani kore shar ya tsiro a gefe, har ƙwalla na yi. Na tumɓuke tsohuwar jijiyar don jaririn tsiron ya sake.

Ran da Saratu ta dawo, na kai ta gaban dangar ina murmushi. Gwaggonta da ta rako ta ta leƙa.

"Ɗan nan, wagga ai kabewa ta. Cikin taki ta zo."

Saratu ba ta yi kuka ba. Ramin kawai ta tsaya kallo.

Har yau in na ratsa kasuwar Ƙaura, masu kayan miya sai su ɗaga kabewa: "Likita, zo duba muna wagga, ta kwana da zazzaɓi!"