Rasuwar Kujera Mai Lilo ta Gidan Malam Silvanus, da Sunan Wanda Ya Kashe Ta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma har yau ba ta huce ba, iyalin Malam Silvanus Dogo, tsohon hedimasta mazaunin Kafanchan, suna sanar da 'yan'uwa, maƙwabta da dukan ikilisiya rasuwar kujerarsu mai lilo. Ta bar duniya ranar Lahadin godiyar girbi, tana da wata bakwai kacal. Ba tsufa ne ya ɗauke ta ba, ba kuma gara ce ta ci ta ba. Kashe ta aka yi da rana tsaka, kuma sunan mai laifin Rufus.

An haifi marigayiyar a gindin mangwaron bayan gida. Malam Silvanus ba kafinta ba ne, shekara talatin da biyar alli ya riƙe. Abin da ya sa shi ɗaukar zarto bayan ritaya shi ne bayan matarsa, Mama Yemima, wanda noman citta a Kagoma ya cinye tun da ƙuruciyarta. Benci ba ya yi mata, kujerar roba ba ta yi mata, katifa ma sai dai ta yi ta juyi. Ya ga irin kujerar a waya, ya ce shi ma zai yi. Ya sayo katakon maɗaci, ya zana lanƙwasar ƙafafun a bayan tsohuwar kalanda, ya yanka, ya ɓata, ya sake. Ƙafafun farko sun kifar da shi ta baya a gaban kaji. Na biyu sun ƙi motsi gaba ɗaya. Sai a karo na huɗu aka dace, bayan wata biyar, bayan guduma ta tafi da farcen babban yatsansa, bayan maƙwabta sun gaji da tambaya ko kwalekwale yake sassaƙawa.

Ranar da Mama Yemima ta fara zama a kanta, marigayiyar ta yi maganarta ta farko: ƙiii, ƙaaa, ƙiii, ƙaaa. Kafin a ankara barci ya kwashe Mama da tiren wake a cinya. Da ta farka ta ce wa mijinta, "Baban Hephzibah, yau ban ji bayana ba." Malam ya juya kai ya goge ido, ya ce ƙurar katako ce ta shiga masa.

Marigayiyar ta yi zaman lafiya da kowa. Ba ta taɓa yagar zanen baƙo ba, domin babu ƙusa ko ɗaya a jikinta, duk sassaƙa ce da gam. Ba ta ƙi mai ƙiba ba, ba ta raina siriri ba. Laifinta ɗaya a duniya, ta yi aikin da aka yi ta dominsa.

Ga yadda ajali ya zo. Kowa ya san al'adarmu: idan coci na da biki, akan bi gida-gida a kwashi kujeru, a rubuta sunan mai gida da alli a ƙasan kowace. Shugaban kwamitin kujeru na bana shi ne Rufus, ƙanin Mama Yemima, uwa ɗaya uba ɗaya. Ranar Asabar, Malam da Mama sun tafi Kagoma duba gona, sai Rufus ya shigo gidan, ya ga maɗaci yana ƙyalli, ya ce wannan ta dace da babban baƙo. Ya ɗora ta a kan babur.

Da ya ajiye ta a harabar coci, sai ta motsa. A garin nan kuwa, kujera in ta motsa, maganinta dutse. Rufus ya cusa mata dutse, ta haye shi. Ya ƙara na biyu, ta ture shi. Maimakon ya tsaya ya tambayi wani mai hankali, sai ya aro zarto. Ƙafafun nan biyu masu lanƙwasa, waɗanda suka ci wata biyar da farce ɗaya, ya datse su kafin ruwan shayi ya tafasa. Su ne kuwa suke riƙe da sauran jikinta. Washegari babban baƙo ya zauna ana tsakiyar karɓar baikon godiya a coci, marigayiyar ta ce ƙaƙas sau ɗaya, ta baje. Wannan ce maganarta ta ƙarshe.

Ƙafafun kuma, matan zumunta sun tsince su a bayan coci, suka ce itace ne mai kyau, suka tura a murhun dafa shinkafar biki. Malam Silvanus ya ci shinkafar nan faranti biyu, har ya yaba, bai san da me aka dafa ta ba.

Da aka tsare Rufus, ko kunya babu, ya ce wa Malam, "Yaya, ai taimako na yi maka. Kujeran nan yana rawa tun ba a zauna ba. Kai malamin makaranta ne, aikin katako ba naka ba." Datsewar, wataƙila wata rana a yafe. Wannan magana ta ƙarshe kuwa Malam ya rubuta ta a bangon rumfar aikinsa, yana karanta ta kowace safiya. Rabaran ya zo gida har sau biyu a kan batun gafara. Malam ya saurare shi da ladabi, ya ce zai duba maganar bayan sabuwar shekara, bai dai faɗi wace shekara ba.

Marigayiyar ta bar majingini guda da hannu ɗaya, da tsohuwar kalanda mai ɗauke da zanenta, da zarto da guduma waɗanda suka raine ta. Ta bar Mama Yemima, wadda ta koma zaman tabarma tana jingina da bango, tana cije leɓe duk lokacin da za ta tashi. Wannan shi ne abin da Malam yake gani kullum, shi ya sa kada kowa ya sake ce masa ai kujera ce kawai.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, a gindin mangwaron da aka haife ta. Ba za a binne ta ba, domin za a ɗauki majinginin a sa wa ƙanwarta, wadda Malam ya riga ya fara yankawa, kuma da sarƙa da kwaɗo za ta zauna. Masu zuwa ta'aziyya kowa ya zo da kujerarsa, gidan nan ya daina ba da aro har abada.

Rufus kaɗai aka hutar. An tanadar masa wurin zama na musamman a sahun gaba, wata 'yar kujera da Malam ya ƙera da hannunsa, ƙafa ɗaya ta gaza sauran da rabin yatsa. Malam zai karanta tarihin marigayiyar tun daga ranar da aka sayo katako, kuma duk wanda ya yi makaranta a hannunsa ya san ba ya gaggawa. Kada Rufus ya wahalar da kansa da waige-waigen abin da zai cusa a ƙarƙashi. Yayarsa Mama Yemima da kanta ta share tsakar gidan, da wannan bayan nata, ba ta bar ko tsakuwa ɗaya ba.