Rasuwar Tsohon Shafin Motocin Corradelli, da Muryar da Ta Ɓata Tare da Shi

Da zuciya mai nauyi, da kuma idanu a buɗe, nake sanar da rasuwar tsohon shafin intanet na kamfanin motocin Corradelli. An kashe shi ranar Juma'a da hantsi a ofishinmu na Modena, yana da shekara ashirin da biyu. Ni na rubuta yawancin abin da ke cikinsa bayan na bar aikin jarida, ni kuma na yi jinyarsa.

Marigayin ba kyakkyawa ba ne. Hotunansa ƙanana ne, yana da nawar buɗuwa. Amma bai taɓa ɓoye cewa tsohon Corradelli, wanda ya kafa kamfanin, da injin murza taliya ya fara, kafin ya ƙera mota ko guda ba.

Duk wanda ya buɗe shi ya san gaisuwarsa: ƙofa ta rufe, makulli ya juya, inji ya yi gurnani. Sai muryar Ermes Pederzini, wanda babu motar da ke barin masana'anta sai ya kara kunne a jikinta, yana cewa, "Kun ji ta? Wannan ba ta ƙarya." Ermes ya rasu shekara tara da suka wuce. Matarsa, Sinyora Iolanda, tana buɗe shafin kowace safiya kafin ta ɗora kofi. Ba ta da muryarsa a wani wuri.

An ce tsufa ne ya kashe marigayin. Ina da tambaya. Lafiyarsa ƙalau har ranar da Tancredi Sala ya iso daga Milan, da kwangilar gina sabon shafi "mai ba da labarin kamfani". Shi ya fara cewa marigayin ba ya buɗuwa a waya. A wayar Iolanda, mai tsagaggen gilashi, yana buɗuwa. Shi ne likitan, shi ne kuma magajin.

Sabon shafin yana buɗewa da kiɗan piyano. A ciki, tsohon Corradelli ya yi mafarkin mota a kan tsauni. Babu tsauni a unguwarsu. Ana nuna hannuwa suna shafa fatar kujera, ba ɗigon baƙin mai a farce. Na zaga masana'anta, ban sami mai hannuwan ba.

Iolanda ta zo ofis ranar Litinin da wayarta a hannu.

"Ɗana, ina kuka kai mini mijina?" ta tambayi Sala.

"Mama, ai labarin ne muka gyara."

"Wa ya ce maka ya lalace? Kai da ko tayar keke ba ka taɓa canzawa ba!"

Sala ya yi alkawarin za a nemo muryar. Tsohuwar kwamfutar da ke riƙe da ita da marigayin kansa ta bar ɗakin ajiya ranar da aka kashe shafin. Sala ya ce an kai ta Milan. Shugaban kamfani ya ce tana wajen gyara. Mai gadi ya ce motar masu kwasar tsofaffin ƙarafa ya buɗe wa ƙofa.

Marigayin ya bar Iolanda, da makanikai da yawa da sunayensu ba su shiga sabon labarin ba, da ni.

Za a yi zaman makoki ranar Asabar da rana a ɗakin cin abincin ma'aikata. Iolanda za ta kawo tortellini, taliya mai cike da nama, a cikin romo. Ba a buƙatar furanni. Wanda ya taɓa naɗar gaisuwar shafin a wayarsa, ya zo da ita. An gayyaci Sala, bai amsa ba.

Ba a sa ranar binnewa ba, domin har zuwa lokacin rubuta wannan sanarwa ba a ba mu gawar ba.

Nives Barbolini, Modena