Mu Mutanen Madarumfa Mun Ƙoshi da Kiredi

Jiya na sa babbar rigata, na shafa turare, na tafi biron wani porje, wato ofishin wani shirin tallafi, in ba da sunana. Tun bara ake cika mana kunne cewa za a ba masu lambu bashin injin ban ruwa, a biya kaɗan-kaɗan in an cire albasa. Ni kuwa tabkin da nake ɗibar ruwa kullum ja da baya yake, lambuna yana nan inda yake, bayana ya gaji da bokiti. In ban samu injin nan kafin zafi ya kankama ba, albasar bana ta tafi, kuma tunkiyar maiɗakina aka sayar aka sayi irin.

Na tarar da wani mushe, haka muke kiran ma'aikaci ɗan boko, a bayan tebur, na'urar sanyi na hura masa ƙeya. Ya ce, "Baba, ai an cire Madarumfa daga tsarin. Bincike ya nuna ba ku da buƙata."

"Wane bincike, ranka ya daɗe?"

"Na masana. Mutum tara cikin goma a nan suna samun kiredi duk sanda suka ga dama. Ku ne abin misali."

Nan take na tuna. Da kaka wasu samari masu fararen riguna suka sauka daga doguwar mota, suka zauna a rumfar Abdu mai tebur, wai wani babban shehin malami ya aiko su su auna yadda talaka ke samun bashi. An rubuta tambayoyin da Faransanci. Samarin suka mai da komai Hausa, ban da kalma guda, don sun ɗauka kowa ya san ta. Mun san ta kuwa! A littafinsu kiredi bashi ne. A bakinmu kiredi shi ne abin da ake zuba wa waya a yi kira.

Maƙwabcina Ɗan Baba aka fara tambaya, ina zaune.

"Kana samun kiredi?"

"Mi zai hana? Ko da sahen nan na sa."

"Wajen wa?"

"Ga shi nan, Abdu."

"Yana neman jingina?"

"Jingina kuma? Lamba kawai kake ba shi."

"Mi kake yi da shi?"

"Gaida dangi a Katsina."

"Yana jimawa a hannunka?"

"Ina! Kwana guda ya ƙare, ba ka san inda ya tahi ba."

Yaron yana ta rubutu yana gyaɗa kai. Da aka zo kaina na faɗi gaskiyata tsakani da Allah, har na ƙara da cewa yarana ma suna samu. A duk layinmu Rabi mai ƙosai ce kaɗai ta ce ba ta taɓa samu ba, ita ma don ba ta da waya ne.

To, ku ji aikin ilimi. Mushen ya karanta mini abin da rahoton ya gano: bashi ya wadata a Madarumfa, babu jingina, babu jira. Matsalarmu ɗaya ce, muna kashe shi a zumunci, kuma ba ya kwana. Don haka Masu Girma Masu Sa Hannu, Allah ya ƙara musu hangen nesa, suka ga ba injin muke buƙata ba, tarbiyya ce. Aka kwashe kuɗin injuna aka yi taron ƙara wa juna sani a wani otal mai nisa, kan yadda za a koya mana tattali. An ce an ci kaji, an raba jakunkuna, an tafa sosai. Ba a gayyaci mai lambu ko ɗaya ba, kada a ɗauke mu daga aiki.

Kada ku ce ina ƙin bincike. Wallahi na ji daɗi da na ga manya suna karatu kafin su yanke hukunci, abin da ban taɓa zato ba. Haushina shi ne, rana ɗaya tak da suka saurare mu, ita ce ranar da ba su fahimce mu ba.

Na warware wa mushen zancen dalla-dalla. Ya yi dariya har da tari, ya kira na kusa da shi ya ba shi labari, shi ma ya dara. Sannan ya share hawaye ya ce rahoto an riga an buga, bangonsa har ƙyalli yake, ba a taɓa shi sai an sake wani binciken nan da shekara uku.

Na ce, "Mushe, albasa ba ta san shekara uku ba. Mako biyu ta sani."

Ya ce ya tausaya mini ƙwarai, ya ba ni wata lamba ta masu ƙorafi.

Ina fita na tsaya a rana na buga, raina a ɓace. Sai muryar wata mata ta ce mini, cikin ladabi, ba ni da isasshen kiredi. Baiwar Allah ko Madarumfa ba ta taɓa zuwa ba, amma da ita aka ba binciken nan da yanzu injina yana ta ruri.