Ranar da Na Tura Buhuna Duka Dama

Har in mutu ba zan manta da ranar da na toshe ƙofar sito da buhu ɗari biyu a gaban maigidana Alhaji ba.

Shekara goma sha tara ina tsaron sito a wani injin casar shinkafa a Kura. Ban yi boko ba, amma na san lamba. Manomi ya kawo shinkafa shanshera, a shafa wa buhu lamba, in ajiye. Ya dawo, in nemo. Da na tsufa neman ya fara ɗaukar lokaci, Alhaji ya fara maganar in huta.

'Yata Hadiza aikinta gwada manhajar kwamfuta kafin a sake ta ga jama'a (ni na biya makarantar, da bayana). Wata Juma'a ta ce abin gwajinta ya daina nawa. Da, sai ya bi dogon layi ɗaya bayan ɗaya. Yanzu ta tsara bayanan kamar rassan bishiya: ƙaramar lamba hagu, babba dama. In kana neman lamba, kowane taku ka zubar da rabi.

"Amma Baba, dole bishiyar ta riƙa..."

"Na gane," na ce, na tashi.

Da safe na gaya wa Alhaji na zo da ilimin kwamfuta. Na ajiye buhu mai lamba ɗaya a bakin ƙofa. Biyu ta fi ɗaya: dama. Uku ta fi biyu: dama. Lambobinmu a jere suke zuwa, ban tuna ba. Kafin la'asar hagu wayam, dama har rufi, hanya ta rufe.

Sai ga Malam Sani daga Bunkure, buhunsa na can ƙasa. Na ja, tulin ya biyo ni. Na zauna a ƙasa, shanshera har cikin hula.

"Ɗanladi," in ji Malam Sani, "kwamfutar ce ta faɗi ko injiniyan?"

Alhaji bai yi dariya ba. Gara ma ya yi.

Na kira Hadiza, na ba ta labari. Sai da ta gama dariyarta.

"Baba, ai abin da zan gaya maka ke nan ka tashi. Idan gefe guda ya yi nauyi, bishiyar juya kanta take yi, lambar tsakiya ta koma gaba."

"Buhu ba ya juya kansa."

"To kai za ka juya shi."

Kwana biyu na yi ina juyawa. Lambar tsakiya a ƙofa, kowane gefe na sake raba shi biyu. In dama ta fara rinjaye, in sauya na ƙofa. Da Malam Sani ya dawo, kafin ya gama gaisawa buhunsa na gabansa.

Na koyi barin mai ilimi ya kai ƙarshen zance, ko da ni na haife shi.

Ina nan a siton, makulli a aljihuna. Alhaji bai sake zancen hutu ba.